"BA A GA FAYIL ƊINKA BA": YADDA ABUJA KE NEMAN MA'AJIYAR TAKARDUNTA

Duk mutumin da ya taɓa rufe rumfarsa a Ikko ko Badun ko Fatakwal, ya kwana a mota zuwa Abuja domin bin sawun wata takarda, ya san akwai magana guda wadda ta fi kowace kashe jiki. Ita ce akawu ya ɗaga kai ya dube shi ya ce, "Alhaji, ba a ga fayil ɗinka ba, sai dai ka dawo wani mako." Ko kuɗin fansho mutum ya ke bi, ko takardar fulotin da ya saya da guminsa, ko maganar ƙarin girman ɗansa mai aikin Gwamnati, da zarar fayil ya ɓace to magana ta tsaya cik. Ga kuɗin mota ya tafi, ga ciniki ya wuce a kasuwa.

Shekaru da dama ke nan hukumomin Babban Birnin Tarayya su na fama da wata tambaya wadda a ido ƙarama ce, amma dukiyar jama'a da haƙƙinsu na rataye a kanta. Watau wane irin tsari za a zaɓa na ajiye takardun da injiniyoyi da 'yan safiyo da lauyoyi da masu tsara kasafin kuɗi su ke rubutawa kullum, ta yadda in an nema za a samu, in an samu kuma za a tabbata ita ce ta gaskiya? Amsar da aka ba wannan tambaya ta shafi kowane ɗan Arewa mazaunin Kudu wanda ke da ko da taku ɗaya na fili a Abuja, ko wani haƙƙi a hannun Gwamnatin Tarayya.

BIRNIN DA AKA FARA GINAWA A TAKARDA

Ba kamar Kano ko Katsina ba, waɗanda aka daɗe da gina ganuwarsu kafin wani ya zana taswirarsu, ita Abuja sai da aka gama ta a takarda kafin a aza tubali ko guda. Cikin watan Agusta na shekarar 1975 ne Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Ran 3 ga watan Fabrairu 1976 Janar Murtala ya yi wa jama'ar ƙasa shelar cewa za a ƙaura, kwana goma kafin a kashe shi. Dokar soja mai lamba 6 ta wannan shekara ita ta yanko ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kamar 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, ta kuma kafa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, wadda aka fi sani da FCDA.

A shekarar 1979 wani rukunin kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ya miƙa babban kundin tsarin birnin. Daga baya kuma shahararren mai zanen gine-gine na ƙasar Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyar gari. Daga wannan kundi ne dubban takardu su ka tsiro: zanen tituna da gadoji, taswirar inda bututun ruwa da magudanar ƙazanta su ka bi a ƙarƙashin ƙasa, awon kowane fuloti a Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, da sharuɗɗan kwangila waɗanda su ka faɗi kaurin kwalta da irin ƙarfen da za a sa a gini.

Irin waɗannan takardu ba wasiƙa ba ce da za a karanta a yar. Bututun da aka binne a 1982, in ya fashe yau, taswirar 1982 za a nema kafin a kafa diga. In kuwa an canza hanyar bututun a lokacin aiki amma ba a gyara taswirar ba, ko an gyara amma tsohuwar ce ta rage a kabad, to mai haƙa zai yi ta tona inda babu kome, ko kuma ya ba wani izinin gini a kan magudanar ruwa.

Sa'an nan ran 12 ga watan Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, kujerar mulki ta bar Ikko. Ma'aikatu su ka yi ta biyo baya da kaɗan-kaɗan, kowace da tarin fayilolinta na shekara da shekaru. Duk wanda ya taɓa tashi daga gida zuwa gida ya san ba a ƙaura kaya su isa cif yadda su ka tashi.

TSOHON TSARI DA AMFANINSA DA AIBINSA

Tsarin da Nijeriya ta gada daga Turawan mulki shi ne na ɗakin rajista. Kowace magana a buɗe mata fayil, a ba shi lamba, a rubuta sunansa a bango. Duk takardar da ta shigo a huda ta a ɗaure da igiya, a ba ta lambar shafi bi da bi. Ƙaramin ma'aikaci ya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu da kwanan wata, masinja ya ɗauka ya kai wa na gaba, har magana ta kai ga darakta ko babban sakatare. Akwai rajista ta fili, akwai ta asiri, akwai kuma littafin da a ke rubuta inda kowane fayil ya nufa.

Kada a raina wannan tsari, domin masu shi sun yi tunani. Lambar shafi ita ke tona asirin wanda ya zare takarda, don in an tashi daga shafi na 41 aka faɗa na 44 kowa ya san an yi ɓarna. Sa hannu da kwanan wata su ke nuna wanda ya ba da shawara da ranar da ya bayar. Hasali ma abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman da su ka riƙa kwafar littattafai da hannu su kan rubuta sunansu a ƙarshen littafi, wani lokaci har da ranar da su ka gama, kuma wasiƙun da ke fita daga Sakkwato zuwa ga sarakuna su na ɗauke da hatimi domin a san ba na jabu ba ne.

Aibin tsarin shi ne fayil guda ɗaya ne tak, kuma ba ya zama wuri biyu a lokaci guda. In ya na teburin wani wanda ya tafi hutu, kowa sai ya jira. In wani ya jefa shi bayan kabad da gangan domin sai an ba shi na goro, babu mai iya nuna shi da yatsa. Ga gara, ga ɓeraye, ga ɗigar ruwan damina. Uwa uba kuma ga wuta.

Mazauna Ikko na wancan zamani ba za su manta ba. Cikin watan Disamba 1981 gobara ta cinye ginin Republic da ke Marina inda Ma'aikatar Harkokin Waje ta ke. A watan Janairu 1983 dogon benen NET na kamfanin wayar ƙasashen waje ya kama, har da asarar rayuka. A watan Janairu 1985 mutanen Badun su ka wayi gari Cocoa House na ci. Jama'a sun yi ta zargin cewa wasu daga cikin gobarar ofisoshin Gwamnati ba su rasa nasaba da takardun kuɗi da a ke bincike a kansu ba. Ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, darasin ɗaya ne: takardar da ba ta da kofe a wani wuri dabam, ashana ɗaya ta ishe ta. Ita ma Abuja ba ta tsira ba, domin ran 8 ga watan Afrilu 2020 wuta ta tashi a ginin ofishin Babban Akanta na Tarayya.

RIKICIN FILAYE DA ZAƁEN DA AKA YI A 2003

Inda wannan matsala ta fi yin tsami shi ne sha'anin filaye. Bisa tsarin mulkin ƙasa, dukkan ƙasar da ke cikin yankin Babban Birnin Tarayya ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma Ministan Abuja ne ke ba da fili a madadin Shugaban Ƙasa. To, da darajar fuloti ta yi ta hauhawa bayan ƙaura, sai fayil ɗin fili ya zama tamkar kuɗi a ajiye a kanta. Aka riƙa samun fuloti ɗaya an ba mutum biyu ko uku, kowa da takardarsa da hatimi. Aka samu takardun jabu a hannun dillalai. Aka yanka wuraren da kundin tsari ya keɓe domin lambu ko makaranta ko hanya aka mai da su gidaje. Dalili kuwa a fili ya ke: taswira na ofishin 'yan safiyo, fayil na ofishin filaye, rasiɗin biyan kuɗi na ofishin akanta, ba kuwa lallai ne ɗaya ya san abin da ɗaya ya ƙunsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A shekarar 2003, da Malam Nasiru El-Rufa'i ya zama Ministan Abuja, aka yanke shawarar kafa wata hukuma ta musamman mai suna AGIS domin ta sa bayanan filaye cikin kwamfuta. Abin lura a nan shi ne irin tsarin da aka zaɓa. Da an ga dama da an tsaya ga ɗaukar hoton takardu a zuba a na'ura, watau a mai da tsohon kabad ya zama kabad na lantarki, rikicin da ke ciki kuwa ya bi shi yadda ya ke. Maimakon haka sai aka ɗaure kowane fayil da wurinsa a taswira. Kowane fuloti ya zama ya na da iyakokinsa a kan taswirar kwamfuta, da lambarsa, da sunan mai shi, da abin da aka yarda a gina a kansa, da tarihin cinikinsa. Ta haka in an tashi ba wani mutum filin da ya riga ya ke da mai shi, taswirar da kanta za ta nuna an hau kan wani.

Amma na'ura ba ta san gaskiya da ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta ke riƙewa. Saboda haka daga shekarar 2004 aka umurci duk mai takardar shaidar mallaka, wadda a ke kira C of O, ya kawo tasa a tantance a ba shi sabuwa. Mutane sun sha wahalar layi, an yi ƙorafi mai yawa, rushe-rushen da aka yi a wannan zamani na gine-ginen da su ka saɓa wa kundin tsari kuma har yau akwai waɗanda ba su huce ba. Duk da haka wasu jihohi sun ga amfanin abin sun kwaikwaya. Nasarawa ta kafa NAGIS, Kano ta kafa KANGIS, Kaduna kuma ta kafa KADGIS bayan da shi Malam Nasiru ya zama Gwamna a 2015.

Sai dai labarin bai ƙare da daɗi duka ba. Yankin Abuja na da ƙananan hukumomi shida, watau ta Birni da Kewaye, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji, kuma shekara da shekaru an yi ta raba filaye da takardunsu, musamman ga masu ƙaramin ƙarfi. Daga 2006 aka ce masu irin waɗannan takardu su kawo a daidaita musu. A shekarar 2025 hukumomin Abuja da kansu su ka bayyana cewa daga cikin takardu fiye da 260,000 da aka karɓa, waɗanda aka tantance ba su wuce 8,000 da 'yan kai ba. Ga kwamfuta nan, ga tsari nan, amma aikin zama a duba takarda ɗaya bayan ɗaya na mutum ne, in ba a yi shi ba kuwa talaka na nan riƙe da takardar da ba ta tsare masa kome.

WACE CE TA GASKIYA?

Ɓacewar takarda matsala ce, amma akwai wadda ta fi ta haɗari, ita ce a samu takarda biyu masu suna ɗaya, abin da ke cikinsu ya bambanta. Wannan ita ce babbar cutar duk wata ƙungiyar ma'aikata da ke haɗuwa su rubuta abu guda. Mutum goma su na aiki a kan kundi ɗaya, wannan ya gyara shafi na biyar a tasa na'ura, wancan ya gyara lissafi a tasa, a ƙarshe babu mai iya rantsuwa a kan wadda shugaba ya amince da ita.

Ƙasar nan ta ga misalin haka a idon duniya. Ran 22 ga watan Disamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya gabatar wa Majalisar Tarayya kasafin kuɗin shekarar 2016 na kimanin Naira tiriliyan 6. Cikin watan Janairu sai labari ya bazu wai kundin kasafin ya ɓace. Da Majalisar Dattawa ta bincika sai ta ce an raba wa 'yan majalisa wani kundi wanda ya saɓa da wanda Shugaban Ƙasa ya ajiye a gabansu. Sai da Shugaban ya aiko da wasiƙa game da kundin da aka yi wa gyara kana aka ci gaba da aiki, ba a kuwa sa hannu a kan kasafin ba sai ran 6 ga watan Mayu. Duk wanda ke jiran Gwamnati ta biya shi kuɗin kwangila ko ta gyara hanyar garinsu, wannan jinkiri a jikinsa ya ƙare.

Haka abin ya ke a ƙananan al'amura. A watan Yuli 2023 aka fara aiki da sabon littafin dokokin aikin Gwamnatin Tarayya, wanda ya maye gurbin na 2008. Ma'aikacin da tsohon littafi ke kan teburinsa har yanzu zai iya yanke wa wani hukunci a kan dokar da aka riga aka sauya, alhali kuwa ya na ganin daidai ya yi.

ABIN DA MAI ZAƁE ZAI TAMBAYA

A ƙarƙashin shirin gyaran aikin Gwamnati na shekarun 2021 zuwa 2025, an sa mai da fayiloli cikin kwamfuta a sahun gaba. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya fara da kansa a zamanin Dokta Folasade Yemi-Esan, wadda ta gaje ta a 2024 kuma, Misis Didi Esther Walson-Jack, ta sa ranar 31 ga watan Disamba 2025 ta zama wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da fayil na takarda. To, ko ma'aikata ce babba, ko ofishin injiniyoyi mai mutum goma, ko ƙungiyar 'yan kasuwar shanu da ke riƙe da rajistar 'ya'yanta, tambayoyin da ya kamata a yi kafin a zaɓi tsari kusan iri ɗaya ne.

Ta farko, shin tsarin na rubuta sawun duk wanda ya taɓa takarda? Wanda ya buɗe, da wanda ya gyara, da sa'ar da ya yi, duk ya kamata su zauna a rubuce ta yadda ko shugaban ofis ba zai iya gogewa ba. Wannan shi ne magajin lambar shafi da sa hannu na tsohon fayil. Tsarin da ya rasa shi ya fi takarda haɗari, domin a takarda a kan ga alamar kankara, a na'ura kuwa sai a canza sunan mai fili babu ko tabo. Nan ne kuma a ke gane muhimmancin kowane ma'aikaci ya riƙe lambarsa ta sirri shi kaɗai. Ofishin da mutum biyar ke shiga da lamba ɗaya ya mai da wannan kariya banza.

Ta biyu, shin ya na ajiye tsofaffin gyare-gyare, ya kuma nuna a fili wadda aka amince da ita? Injiniya na bukatar zanen yau domin aiki, amma ranar da gada ta tsage alƙali zai nemi zanen da aka yi aiki da shi a lokacin gini. Dole a iya samun duka biyun ba tare da an ruɗa su ba.

Ta uku ita ce ta nema. Ɗaukar hoton takarda miliyan ba shi da wuya in akwai na'ura. Wuyar ita ce a laƙaba wa kowace suna da lamba da kwanan wata bisa ƙa'ida guda, don in ba haka ba an ƙaurar da ɓacewar ce kurum daga kabad zuwa kwamfuta. Wannan ya shafi 'yan Arewa ƙwarai. Mutum ɗaya a kan rubuta shi Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a takardar ɗaukar aiki, Mamman a rasiɗin fili, sunan garinsu kuma ya zama sunan mahaifi a wata takardar. Tsohon akawu da ya san fuskarsa zai gane shi ne, na'ura kuwa mutum uku za ta gani.

Ta huɗu, ina bayanan su ke kwana, kuma ina kofensu na biyu? In duk su na cikin na'ura ɗaya a ɗaki ɗaya, to ba a tsere wa gobarar Marina ba. Gwamnatin Tarayya na da kamfaninta mai suna Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006 domin ya riƙe mata irin waɗannan al'amura, kuma ban da rumbunsa na Abuja an buɗe masa wani babba a Kano a farkon shekarar 2023. Hikimar ita ce abin da ya sami ɗaya kada ya sami ɗayan.

Ta biyar, yaya aiki zai kasance ranar da babu wuta ko intanet ta yanke? Mai fansho da aka ce masa "ba a ga fayil ba" jiya, in yau aka ce masa "na'ura ba ta aiki", bai ga wani canji ba.

Ta shida ita ce wadda aka fi mantawa: ranar da aka ɓata da kamfanin da ya sayar da tsarin, ko ya mutu, za a iya kwashe takardun a koma wani? Manhajoji da yawa haya a ke yi duk shekara, da dalar Amurka kuma. Kafin watan Yuni 2023 dala ɗaya a farashin Gwamnati ba ta kai Naira 500 ba, amma cikin shekarar 2024 ta haura Naira 1,000 nesa. Ofishin da bai yi wannan lissafi ba zai wayi gari takardunsa na kulle a hannun wani.

Ingila ta ba da darasi a kan haka. A shekarar 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanan ƙasar cikin wasu faya-fayai na zamani domin tunawa da cika shekara 900 da rubuta littafin Domesday, watau kundin ƙidayar filaye da dukiya na shekarar 1086. Kafin a yi shekara ashirin na'urorin da ke karanta faya-fayan sun kusa ƙarewa, sai da masana su ka yi aiki tuƙuru kafin a ceto abin da ke ciki. Shi kuwa tsohon littafin da aka rubuta da tawada a kan fata ya na nan a ma'ajiyar tarihin ƙasar, a na karanta shi.

Daga nan sai maganar doka. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta, amma da sharaɗin a nuna cewa na'urar na aiki daidai sa'ad da aka samar da ita. Dokar 'yancin samun bayanai ta wannan shekara ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai nema, abin da ba zai yiwu ba in ba a san inda takarda ta ke ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa mai ajiya alhakin tsare sirrin mutane. Tsarin da bai cika waɗannan ba, kome arharsa, araha ba ta ado.

Wata tambayar kuma ita ce me za a yi da tsofaffin takardu bayan an ɗauki hotonsu. Ƙasar nan na da ma'ajiyar tarihi tun 1954, wadda Dokta Kenneth Dike ya assasa a Badun, da rassa a Inugu da Kaduna, aikinta kuwa shi ne karɓar takardun Gwamnati masu daraja. Gaggawar ƙona tsohuwar takarda na da mugun sakamako, kuma baƙo ya fi kowa shan wahalarsa. A shekarar 2010 Ma'aikatar Cikin Gida ta Ingila ta lalata dubban katunan shigowa na mutanen da su ka zo daga tsibiran Karebiyan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka tsananta dokar baƙi sai aka nemi waɗannan mutane, waɗanda su ka tsufa a ƙasar, su kawo shaidar zamansu. Wasu su ka rasa aiki, wasu aka tsare su, wasu ma aka kore su daga ƙasar. Abin ya fallasa a 2018, har Ministar ta yi murabus.

ABIN DA YA RAGE GA MAI KARATU

Mazaunin Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ba shi zai zaɓa wa Gwamnati na'ura ba, amma akwai abin da ke hannunsa.

Wanda dillali ya kawo wa fuloti a Abuja, kada ya fitar da ko kwabo sai an yi bincike a AGIS an tabbatar da lambar fayil da sunan mai shi da abin da aka yarda a gina a wurin. Ya je da kansa ko ya aiki lauya ko ɗan'uwa amintacce, ba yaron dillalin ba. Takardar mai unguwa ko ta ƙaramar hukuma, kome kyan hatiminta, ba ita ce shaidar mallaka ba a yankin Abuja, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar tun 2008 cewa ikon ba da fili a can na Minista ne.

Wanda ya riga ya mallaka kuma kada ya kwanta. Akwai harajin fili da a ke biya duk shekara, kuma a watan Maris 2025 Ministan Abuja Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun yi shekara goma ko fiye ba su biya ba. Da tsohon tsari mai bashi kan ɓuya cikin tarin fayiloli, yanzu kuwa na'ura kan fito da sunayen cikin ɗan lokaci. Mutumin da ke zaune nesa, wanda sanarwa ba lallai ta kai gare shi ba, shi ya fi kusa da wannan asara.

Har ila yau ya kamata mutum ya daidaita sunansa ya zama iri ɗaya a katin ɗan ƙasa da banki da takardar fili da ta fansho tun ya na da ƙarfin zirga-zirga. Ya adana takardunsa na asali a inda ruwa da gara ba za su kai ba, ya yi kofe ya ajiye a gida Arewa wurin wanda ya yarda da shi, kada duka su zauna a rumfar kasuwa, domin kowa ya san yadda gobarar kasuwa ta ke. Ya kuma sanar da iyalinsa lambar fayil da inda takardu su ke. Magada da yawa sun san mahaifinsu na da fili a Abuja, amma ba su san lambarsa ba, ofis kuwa da lamba ya ke aiki, ko na takarda ne ko na kwamfuta.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.